Na ɗaga motata inci 3, wace shokazoba ce ta dace da ita?

"Assalamu alaikum Malam. Ina da Toyota Hilux ƙirar 2012, mai ƙofa huɗu, mai jan ƙafa huɗu. Wata shida ke nan da na sa aka ɗaga ta kusan inci 3. A gaba an sa mata zoben ƙarfe a saman shokazoba, a baya kuma an sa dogon mariƙin sifirin. Na sa mata tayoyi 285/70R17 da bambar ƙarfe da winci, amma shokazoba na nan na asali. Yanzu duk sanda taya ta faɗa rami sai in ji wani bugu mai ƙarfi daga ƙasa, kuma in na yi kamar rabin awa a hanyar gargada sai motar ta kama lilo kamar kwalekwale. Abokaina sun ce in sayi shokazoba mai tanki irin ta Fox ko King, magana ta ƙare. Haka ne? In ba haka ba, me zan saya?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka kawo ƙorafi biyu, kuma ina so tun farko ka raba su, domin cuta biyu ce daban. Bugun da kake ji idan taya ta faɗa rami maganar tsawo ce: akwai abin da ke kaiwa ƙarshen tafiyarsa ya daki ƙarfe. Lilon da ke zuwa bayan rabin awa kuwa maganar zafi ce: man da ke cikin shokazoba ya gaji. Shawarar abokanka za ta iya maganin ta biyun. Ta farkon ba ruwanta da tsadar shokazoba, kuma in ka ɗaura sabuwa a kan wannan ɗagin yadda yake, bugun zai ci gaba, sai dai yanzu abu mai tsada ne zai riƙa shan dukan. Shi ya sa a wurina shokazoba ce abu na ƙarshe da ake zaɓa a aikin ƙafar mota, bayan an san tsawo an san nauyi.

Aikin sifirin daban, aikin shokazoba daban

Sifirin ne ke ɗauke da mota, shi ke yanke tsayinta. Shokazoba aikinta ta hana sifirin ci gaba da rawa bayan ya lotsa ya dawo. A cikinta akwai fistin da ke tura mai ta wasu 'yan ƙananan ƙofofi masu siraran faifan ƙarfe, kuma wannan matsin ne ke cinye ƙarfin girgiza ya mai da shi zafi. Duk girgizar da ba ta kai ga bayanka ba, zafi ta zama a cikin wannan bututun. A kwalta zafin kaɗan ne. A gargada kuwa fistin na kai-komo sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya ba hutu, mai ya yi zafi ya tsinke, ya haɗu da iska ya yi kumfa. Fistin da ke ratsa kumfa ba ya samun abin da zai tokare shi. Wannan ne lilon da kake ji, kuma alamarsa ita ce in ka tsaya ka huta motar ta huce, sai ka ga ta dawo daidai na ɗan lokaci.

Tayoyinka sun ƙara wa shokazoba aiki. Taya 265/65R17, wadda irin waɗannan motoci da yawa ke zuwa da ita, tsayinta kusan milimita 776 ne, taka kuwa 285/70R17 kusan 831. Ka samu ƙarin kusan milimita 27 a ƙarƙashin tukunyar aksul, kuma wannan ne kaɗai ƙarin da tukunyar baya ta samu, domin ɗaga mota ba ya ɗaga aksul daga ƙasa, taya ce ke yi. Amma babbar taya ta fi nauyi, nauyin kuma yana ƙasa da sifirin, yana tsalle sama da ƙasa. Shokazobar da aka ƙera don ƙaramar taya da mota marar bambar ƙarfe ita kake sa wa ta riƙe duk wannan.

Abin da zoben nan ya yi wa gaban motarka

Nan ne nake so mu daɗe, domin nan gizo ke saƙa. Gaban Hilux tun daga ƙirar 2005 kowace taya cin gashin kanta take: hannun sama, hannun ƙasa, da sifirin mai naɗi kewaye da shokazoba. A irin wannan ƙafa, tafiyar taya daga can sama zuwa can ƙasa ƙayyadaddiya ce. Tsawon hannuwan, da iya karkatar boljoyin (gaɓar ƙwallo da ke haɗa hannu da mazaunin taya), da iya lanƙwasar gaɓar shaf ɗin da ke juya tayar gaba, su suka yanke ta. Ɗagi ba ya ƙara wannan tafiyar. Abin da yake yi shi ne ya sauya wurin da mota ke zama a cikinta. Duk milimita ɗaya da ka ƙara a tsayi, ka cire ta ne daga tafiyar da taya za ta yi zuwa ƙasa idan ta tarar da rami.

Ka ɗauka taya na da sararin sauka na milimita 100 kafin ɗagi, misali kawai nake bayarwa. Ka ɗaga da 75, saura 25. Ko ƙaramin rami ya isa ya cinye wannan, sai ƙafar ta kai ƙarshe da ƙarfi. Taya kuma ta rabu da ƙasa na ɗan lokaci, wanda ke nufin ba birki ba sitiyari a wannan tayar har ta dawo. Mutane kan ce motar ta yi tauri, alhali sifirin bai sauya ba, sararin saukar ne ya ƙare.

Zoben da ake sa wa a saman shokazoba yana da nasa ƙarin sharrin. Yana tura shokazoba da sifirin gaba ɗaya ƙasa, don haka ƙafar kan sauka fiye da inda aka tsara mata. Sai hannun sama ya daki sifirin, ko boljoyin ya kai ƙarshen karkatarsa ya zama shi ke riƙe da nauyin taya. A ɗaya ɓangaren kuma, idan mota ta lotsa sosai, shokazoba na iya rufewa ƙurmus kafin hannun ƙasa ya taɓa robar tokare, wato wannan dunƙulen roba da aka sa don ya karɓi duka na ƙarshe. Na ga shokazoba da ta lanƙwashe daga gindi saboda haka. Ka kuma sani cewa shokazobar gaba a wajen tsakiyar hannun ƙasa take zaune, ba a bakin taya ba, shi ya sa kaurin zobe kan fito kusan ninki biyu a tsayin mota. Wanda bai san haka ba sai ya sa zobe mai kauri yana zaton kaɗan ya ƙara.

Ka shiga ƙarƙashin motar da fitila ka duba cikin hannun sama da jikin sifirin. In ka ga wurin da fenti ya goge ƙarfe na ƙyalli, ka ga mai bugun. Ka duba robar da ke rufe gaɓar shaf, in ta fara tsagewa ko tana fesa giris, karkatar ta yi mata yawa.

Ra'ayina a fili: ga irin wannan ƙafar gaba, inci 2, wato kusan milimita 50, shi ne inda ake samun riba ba tare da an shiga sayen matsala ba. Inci 3 na yiwuwa, amma da sabon hannun sama da aka ƙera don ɗagi, wani lokaci da sauke tukunyar gaba kaɗan don a rage karkatar shaf, kuma duk da haka sararin sauka zai yi ƙaranci. Ni a aikina ba na sakin mota in tayar gaba ba ta da aƙalla milimita 60 na sauka, ina aunawa daga tsakiyar wili zuwa bakin fenda, mota na ƙasa, sannan a ɗaga ta da jak taya ta rataya a sake aunawa.

Bayan motar ya fi sauƙin fahimta. Dogon mariƙi ya sauke aksul, shokazobar asali kuma ba ta ƙaru ba, don haka a miƙe take zaune kusa da ƙarshenta. Da taya ta sauka kaɗan sai fistin ya daki murfin bututu. Wannan dukan yana kashe sil, wato robar da ke hana mai zuba, yana cinye bushin, yana iya tsage kunnen da aka ɗaura ta.

Awo kafin saye

Kowace shokazoba tana da tsawo biyu da masu ƙera ta ke rubutawa: tsawonta a buɗe da tsawonta a rufe. Rubutun da ke cewa ta dace da ɗagin inci 2 zuwa 3 jagora ne kawai, tef ɗin awo ne alƙali. A baya, ka cire shokazoba, ka tokare shasi, ka bar aksul ya sauka a hankali kana kallon tiyon birki, da wayar na'urar birki, da farfela. Inda ɗayansu ya fara miƙewa, ka wuce iyaka. Ka auna tsakanin kunnen sama da na ƙasa kafin wannan wurin, shi ne iyakar tsawon buɗewa.

Tsawon rufewa shi ake mantawa, kuma shi ya fi haɗari. Shokazobar da ta fi tsawo a buɗe, jikinta ma ya fi tsawo, don haka a rufe ma ta fi tsawo. Misali: mota na zaune, tsakanin kunnuwa milimita 520 ne, tsakanin aksul da robar tokare 90, robar kuma in ta sha duka mai ƙarfi za ta iya lotsawa wasu 25. Ke nan kunnuwan na iya matsowa har 405. Shokazobar da za ka sa dole ta rufe ƙasa da haka, da ɗan rara na milimita 10 zuwa 15. In wadda kake so tana rufewa a 430, to sai an ƙara tsawon robar tokare, ka kuma yarda ka rasa wannan sararin na lotsawa.

Wannan darasin da hannuna na koye shi. A farkon aikina na ɗaura wa wata mota mai aksul ɗaya a gaba doguwar shokazoba, ina murna da yadda taya ke sauka, ban auna rufewa ba. Mai motar ya yi lodi, ya faɗa wani kwari da ɗan gudu, shokazoba ta rufe kafin roba ta taɓa, kunnen sama ya tsage daga jikin shasi. Allah ya kiyaye ba wanda ya ji rauni, amma tun ranar ban ƙara ɗaura shokazoba ba tare da na rubuta lambobin nan biyu a takarda ba.

Sai nauyi. Bambar ƙarfe da winci suna rataye ne can gaban tayoyin gaba, don haka abin da suke ɗora wa sifirin gaba ya fi nauyinsu na kan sikeli. Sifirin asali ya riga ya lotsa a ƙarƙashinsu, zobe kuma ya ɓoye lotsawar ne kawai. Ka loda motar yadda ka saba tafiya da ita, da mai da ruwa da mutane, ka hau sikelin manyan motoci, a auna gaba daban baya daban. Masu ƙera kayan ɗagi irin su Old Man Emu da Dobinsons suna jera sifirinsu ne bisa ƙarin nauyin da mota ke ɗauka kullum. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya zaɓi sifirin baya mafi ƙarfi saboda lodin da yake yi sau biyu a shekara, sauran kwanakin kuma yana yawo da bodi fanko motar na dukansa. Babu shokazobar da za ta tausasa sifirin da ya fi ƙarfin nauyin da ke kansa. Ka zaɓa don nauyin yau da kullum. Kuma sifirin mai ƙarfi ba ya ƙara iyakar nauyin da aka rubuta wa motar, birki da aksul da shasi suna nan yadda suke.

Yanzu sai shokazobar kanta

Iri uku za ka tarar. Mai bututu biyu, ɗaya cikin ɗaya, ita ce aka fi sani. Tana da taushi a ƙananan gargada, kuma in dutse ya lotsa bututun waje tana iya ci gaba da aiki, domin fistin a na ciki yake. Rauninta zafi: bututun waje na riƙe shi, mai da iska kuma suna wuri ɗaya. Amma kada ka raina ta, akwai manya masu ɗaukar mai da yawa da aka yi don doguwar tafiyar daji, irin Nitrocharger ta Old Man Emu da Heavy Track Raid ta Koni.

Mai bututu ɗaya tana da wani fistin na biyu da ke yawo shi kaɗai, ya raba mai da iskar naitirojin mai matsi sosai. Matsin ne ke hana mai yin kumfa, kuma da yake mai na taɓa bangon waje kai tsaye, zafi na fita da sauri. Bilstein 5100 mai fistin milimita 46 misali ce, 6112 kuma mai 60. Aibinta, in jikin ya lotsa fistin zai cije, kuma ɗakin iskar na cin wani ɓangare na tsawonta.

Mai tanki ita ma mai bututu ɗaya ce, sai dai an kwashe ɗakin iskar da fistinsa an kai su wani ƙaramin tanki a gefe, an haɗa da tiyo. Riba biyu ke nan: ƙarin mai da ƙarin fili na fitar da zafi, sannan jikin ya samu tafiya mai tsawo ba tare da ya ƙara tsawon rufewa ba. Fox da King suna yin masu faɗin inci 2 da inci 2.5. Akwai kuma masu hanyoyin kewaye na mai, irin BP-51 ta Old Man Emu, waɗanda ke da taushi a tsakiyar tafiya su yi tauri kusa da ƙarshe.

To wa ke bukatar mai tanki? Wanda ke yin sa'o'i a gargada ko rairayi da gudu, da lodi. Wanda tafiyarsa a hankali ce, hawan duwatsu da ratsa taɓo, shokazobarsa ba ta yin zafin da zai sa ya ci ribar tanki, tsawon tafiyar taya ya fi masa amfani. Kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: irin waɗannan na tsere an yi su ne a riƙa kwance su lokaci-lokaci ana sauya mai da sil ana cika naitirojin. Da yawansu ƙwallon ƙarfe ne a kunnensu maimakon bushin roba, ƙura na cinsa ya fara ƙara. In ba ka da wanda zai yi maka wannan hidimar da kayan aikinta, mai bututu ɗaya ta kirki wadda ake ɗaurawa a manta ta fi maka alheri.

Abin da ya fi sunan kamfani tasiri a jikinka shi ne yadda aka tsara ƙofofin fistin. Akwai tsarin da ke da tauri a motsi na hankali, kamar kwana da taka birki, ya saki idan duka ya zo da sauri. Wannan na riƙe doguwar mota mai kaya a sama, amma za ka ji ƙananan tsakuwa. Akwai wanda taurinsa ke ƙaruwa daidai da saurin duka, ya fi daɗi a daji, motar kuma ta fi kwanciya a kwana. Shi ya sa nake son a sayi sifirin da shokazoba da aka tsara tare don wannan motar da wannan nauyin. Maɓallin saiti, irin na Rancho RS9000XL mai mataki 9, yana da amfani ga wanda yau fanko gobe lodi, amma ba ya gyara tsawon da bai dace ba.

Ga masu Land Cruiser 80 ko 70, ko Patrol Y61, ko Jimny, masu aksul ɗaya a gaba, lissafin ya ɗan bambanta. Su ɗagi na iya ƙara musu tafiyar taya da gaske, amma yana rage kwanciyar kasta, wato kusurwar da ke sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa, sai sitiyari ya riƙa yawo, sandar Panhard kuma, wadda ke haɗa aksul da shasi ta gefe, ta ja aksul gefe ɗaya. A gyara waɗannan da kansu. Ƙara babbar shokazobar sitiyari rufe alamar ciwo ne kawai.

Abin da zan yi da a ce motar a hannuna take

Ban ga motarka ba, ban kuma ji bugun da kunnena ba, don haka kafin komai a duba boljoyin, da bushin hannuwa, da 'yan sandunan sitabilaiza, wato ƙarfen da ke rage kwanciyar mota a kwana, domin su ma in sun mutu suna bugu mai kama da wannan. In sun fita lafiya, zan cire zoben da dogon mariƙin gaba ɗaya. Zan dawo da ɗagin zuwa wajen milimita 50, da sifirin gaba da aka yi don bamba da winci, da sifirin baya sabo daidai da nauyin da sikeli ya nuna. Tayoyin 285 na iya gogar bayan fenda ko kunnen shasi idan an karya sitiyari, amma wannan da saitin kasta da zaɓin wili da ɗan gyaran wurin ake magance shi. Ƙarin ɗagi ba ya hana gogar, domin idan ƙafa ta lotsa taya na komawa inda take tun asali.

Shokazoba kuwa, tunda ka ce rabin awa ke gajiyar da ta asali, wadda wataƙila ta riga ta tsufa, zan fara da mai bututu ɗaya mai faɗin fistin. In tafiyarka ta sa'o'i ce da lodi, sai in sa mai tanki, musamman a baya inda nauyin yake, in kuma sa mata kariya daga duwatsun da tayar gaba ke watsowa, domin sandar da ta yi tabo tana yanka sil. Rage iskar taya da rage gudu a gargada su ma suna sauke wa shokazoba zafi sosai, sai dai ka mayar da iskar kafin ka hau kwalta.

Wajen ɗauri, kada a ƙarasa ɗaure notin bushin roba mota na rataye, a sauke ta kan tayoyinta tukuna, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta tsage da wuri. Sifirin gaba kuma a bar wa mai na'urar matse shi, ƙarfin da ke cikinsa na iya kisa. A yi saitin ƙafa, a sake saita fitilun gaba, a sake ɗaure notocin da ke riƙe sifirin baya da aksul bayan 'yan ɗaruruwan kilomita na farko. Ka kuma tuna motar ta fi da tsawo, ba za ta karɓi kaucewar gaggawa kamar da ba, don haka sitabilaiza ta zauna a wurinta.

Bayan an gama, ka ɗaura ɗan siririn maɗaurin roba a jikin sandar shokazoba, ka tura shi har bakin bututu, ka bi hanyar da ka saba. Inda bakin bututun ya tura shi ya tsaya zai nuna maka iya lotsawar da aka yi. In ya kai can ƙarshen sanda, robar tokare ta yi gajarta ko sifirin ya yi laushi. Ka turo min awon sauka na tayar gaba, da tsawon kunnuwan baya, da nauyin gaba da na baya, sai mu zaɓi lambar da ta dace.